Sunan Fayil da Amanar Bincike

Kafin kwamfuta ta shiga ɗakunan gwaje-gwaje, abin da mai binciken kimiyya yake dogara da shi wajen tsare aikinsa shi ne littafi ɗinkakke mai lambobin shafi, wanda yake rubutu a ciki da tawada, yana sa kwanan wata a kan kowane shafi, in kuwa ya yi kure sai ya ja layi ɗaya a kansa ba tare da ya kankare ba, domin wanda zai zo daga baya ya ga abin da aka fara rubutawa da abin da aka musanya shi da shi. A wuraren da ake tsammanin jayayya a kan wanda ya riga wani gano abu, har akan nemi abokin aiki ya karanta shafin ya sa hannu a ƙasa a matsayin shaida. Ɗinkin littafin shi ne mai tsaron tartibi, gama awon ranar Litinin ba shi da hanyar da zai bi ya koma bayan awon ranar Laraba, kuma ba a iya zare shafi guda ba tare da gurbinsa ya tona asiri ba. Wannan ni'ima ce da masu bincike suka daɗe a cikinta ba su san ƙimarta ba, sai da aiki ya koma cikin fayiloli, littafi guda ya watse ya zama ɗaruruwan warƙoƙi, babu abin da yake riƙe da kowace a mazauninta sai sunan da aka raɗa mata.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan matsala, domin littattafan da aka rubuta da hannu a ƙasar Hausa da Barno ba a ɗinka su. Warƙoƙi ne a sake, ana haɗa su a tadarishi a sa a gafaka. Dabarar da marubuta suka yi ita ce su rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan bayan warƙar da ta gabace ta, ta yadda ko littafi ya faɗi ya tarwatse, almajiri mai haƙuri zai iya bin kalmomin nan ya mayar da kowace warƙa gurbinta. Sa'an nan a ƙarshe marubuci yakan ambaci sunan littafin da sunan kansa, wani lokaci har da rana da wata da shekarar da ya kammala. Ayyukan nan biyu, wato tsare jeri da bayyana asali, su ne aka ɗora wa sunan fayil a yau, alhali yawancin masu raɗa sunan ba a taɓa gaya musu cewa nauyi ne suka ɗauka ba.

Waɗanda suka riski tsarin MS-DOS, wanda ya fito a 1981, za su tuna cewa ba a yarda sunan fayil ya wuce haruffa 8 ba, sai ɗigo, sai haruffa 3 masu nuna nau'insa. A cikin wannan ƙunci ne mutum zai matse sunan gwaji da lambar samfur da kwanan wata, sai ka ga suna irin GR2B0391.DAT, wanda ba mai iya fassara shi sai mai shi, shi ɗin ma muddin bai manta ba. Amma ƙuncin ya zo da wani alheri wanda ba a cika ambatonsa ba. Tun da kowa ya san haruffa 8 ba za su ɗauki ma'ana su kaɗai ba, masu hankali suka riƙa buɗe rajista a littafin gwajinsu, suna rubuta kowane suna da sharhinsa da lambar faifan da yake ciki, faifan nan mai kusurwa huɗu wanda ba ya ɗaukar fiye da megabayit 1.44, kuma tun da kowane harafi yana da tsada, sai mutum ya zauna tun kafin ya fara gwaji ya tsara abin da harafi na farko zai nuna da abin da na biyar zai nuna. Tilas ce ta haifar da wannan ladabi, na yarda, amma duk da haka ladabi ne, kuma na ga ɗakunan bincike inda fayilolin wancan zamani suka fi waɗanda aka yi shekaru goma bayansu sauƙin ganewa.

A 1995 sai Windows 95 ya ɗage shingen, aka ba mutane damar yin suna mai haruffa har 255, da sarari a tsakanin kalmomi, da manyan baƙaƙe da ƙanana. An yi murna, murnar kuwa tana da hujja. Sai dai yalwar ta sa aka rufe rajista, kowa ya ɗauka cewa suna mai tsawo ya wadatar wajen bayyana kansa. Abin da ya biyo baya ya shahara har ba ya bukatar dogon bayani: fayil mai suna "sabo", da "sabo na biyu", da "na ƙarshe", da "na ƙarshe bayan gyaran malam", da "wannan shi ne na gaskiya". Illar irin waɗannan sunaye ita ce halin da marubuci yake ciki ran da ya adana aikin kaɗai suke faɗa, hali kuwa mai gushewa ne. Abin da yake sabo a watan Maris ya tsufa a watan Yuni, amma sunansa yana nan yana ba da shaidar zur. Da imel ya yaɗu, sai kowane abokin aiki ya karɓi nasa kwafi, ya gyara, ya maido shi da wani suna, har maƙala guda ta zama riwayoyi masu saɓani, babu isnadin da zai nuna wace ce ta fito daga wace. Kwanan wata ma, wanda ake zaton shi ne zai raba gardama, sai ya ƙara hura ta, domin 03-04-2009 a hannun mutumin Ingila 3 ga Afrilu ne, a hannun mutumin Amurka kuwa 4 ga Maris.

Muddin mai karanta suna shi ne wanda ya raɗa shi, ɓarnar takan tsaya a kan asarar lokaci. Abin da ya canza girman al'amarin shi ne wani sabon sharaɗi da ya fara bayyana a farkon shekarun 1990. Jon Claerbout, masanin kimiyyar ƙasa a Jami'ar Stanford, ya lura cewa masu bincike a ɗakinsa, 'yan watanni kaɗan bayan sun kammala aiki, ba sa iya sake fitar da sakamakon da su da kansu suka fitar sai da wahala mai tsanani. A 1992 shi da Martin Karrenbach suka gabatar da wani tsari wanda a cikinsa kowane zane da ke cikin maƙala yana ɗaure da bayanan da aka yi shi da su da umarnin da ya fitar da shi, har mai karatu ya iya share zanen ya sake gina shi da umarni guda. Suka kuma raba zane-zanen daraja uku, wanda ake iya maimaitawa cikin sauƙi, da wanda ake iya maimaitawa bisa sharaɗi, da wanda ba ya maimaituwa. A 1995 Jonathan Buckheit da David Donoho suka yaɗa ra'ayin a tsakanin masana ƙididdiga, suna masu cewa maƙalar da aka buga sanarwa ce kawai game da ilmi, ilmin kansa kuwa shi ne bayanai da umarnin da suka haifar da ita.

Daga ranar da aka karɓi wannan sharaɗi, sunan fayil ya sami masu karatu biyu waɗanda a da ba a rubuta shi dominsu ba, wato baƙo da na'ura. Shi baƙo, ko da yana wata nahiya kuma bai taɓa ganin marubuci ba, yana iya kyautata zato ya yi kirdado har ya dace. Ita kuwa na'ura ba ta kirdado, kuma ba ta san niyya ba. Harafi bayan harafi take bi, saboda haka a jerinta na asali samfur10 yakan riga samfur2, domin 1 ya riga 2. In ta tarar da sarari a tsakiyar suna a layin umarni, sai ta ɗauka sunan ya ƙare an fara wani. A kan Linux babban baƙi da ƙarami suna raba fayil da fayil, alhali Windows bisa al'adarsa yana ɗaukarsu abu guda.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a Jami'ar Hawai a 2019. Masana sinadarai a ƙarƙashin Philip Williams suna nazarin sinadaran da wasu ƙananan halittun ruwa masu kama da gansakuka suke fitarwa, suna amfani da wata 'yar manhaja da aka rubuta da harshen Python, wadda Patrick Willoughby da Matthew Jansma da Thomas Hoye suka buga a mujallar Nature Protocols a 2014, jama'a da yawa kuma suka amince da ita wajen lissafin da ake gwadawa da awon na'urar NMR domin a tabbatar da siffar sinadari. Aikin manhajar shi ne ta tattaro fayiloli kashi biyu, kashi ɗaya mai ɗauke da lissafin maganaɗisu, ɗaya mai ɗauke da lissafin makamashi, ta haɗa kowane da abokinsa, ta fitar da matsakaici. Wani ɗalibi, Yuheng Luo, ya maimaita lissafin, sai ya sami adadin da ya saɓa wa wanda aka samu a baya, alhali bayanan ɗaya ne, manhajar ma ɗaya ce. Shi da malaminsa Rui Sun suka bi diddigi har aka gano cewa umarnin da manhajar take kiran fayiloli da shi bai taɓa yin alkawarin kawo su a jere ba. Kowane tsarin kwamfuta yana miƙo su bisa nasa tartibi, a kan wasu kwamfutocin su zo daidai bisa haruffa, a kan wasu kuwa su zo a hargitse, sai a haɗa lissafin wannan da makamashin wancan. Manhajar ba ta tsayawa, ba ta yin gargaɗi. Adadi take fitarwa mai kama da gaskiya, wanda tazararsa da sahihin kaɗan ce, kuma ƙanƙantar tazarar ita ce ta sa galaɗin ya shekara biyar ba a farga da shi ba. Maganin bai wuce a umarce ta ta jera sunayen kafin ta fara aiki ba. Suka buga abin da suka gano a mujallar Organic Letters a watan Oktoba na shekarar, aka ƙiyasta cewa abin yana iya shafar maƙalu fiye da 100, su kuma marubutan asali suka karɓi gyaran da hannu biyu, halin da ya cancanci a yaba musu a kansa.

Akwai wani fannin wannan ƙissa da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Gyaran ya yi sauƙi ne domin tun farko an raɗa wa fayilolin sunaye masu tsari, waɗanda in aka jera su kowane yakan faɗa daidai da abokinsa. Da a ce sunayen irin su "sabo" da "na ƙarshe" ne, da babu umarnin jeri da zai yi ceto, da kuma babu ma wanda zai iya gane inda saɓanin ya shigo. Wato kyakkyawan suna bai hana kuren aukuwa ba, amma shi ne ya sa kuren ya kamu, ya kuma gyaru, wannan kuwa shi ne iyakar abin da ɗan Adam zai iya nema daga kowane tsari.

Sauran hujjoji suna da yawa, zan taɓa su a taƙaice. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostireliya suka nuna cewa kusan kashi 20 cikin 100 na maƙalun da suka duba, masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a jadawalin Excel, suna da sunayen da manhajar ta mayar kwanan wata, kamar MARCH1 da ya koma 1 ga Maris. A 2020 kwamitin da ke kula da waɗannan sunaye ya haƙura ya canza wasunsu, MARCH1 ya zama MARCHF1. A 2013 Thomas Herndon, ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya kasa maimaita sakamakon da Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka buga a 2010 game da bashin ƙasa da bunƙasar arziki, ya nemi ainihin jadawalin, suka ba shi, ya tarar an tsallake ƙasashe 5 wajen fitar da matsakaici. Ba don an iya zaro ainihin fayil ɗin bayan shekaru 3 ba, da gardamar ta tsaya a zato. Ba kullum ake samun wannan dace ba, gama Timothy Vines da abokansa sun bi sawun bayanan maƙalu 516, suka ba da rahoto a 2014 cewa yiwuwar samun bayanai tana raguwa da kimanin kashi 17 cikin 100 a kowace shekara bayan bugawa. Mujallar Nature kuma ta tambayi masu bincike 1,576 a 2016, fiye da rabinsu suka ce sun taɓa kasa maimaita gwajin da su da kansu suka yi.

Daga irin waɗannan darussa masu ɗaci ne ƙa'idojin yau suka taru, ba tare da wata majalisa ta zauna ta shar'anta su a rana ɗaya ba. Tun 1988 akwai ma'aunin duniya mai lamba ISO 8601, wanda ya ce a fara da shekara, sai wata, sai rana. Hikimarsa ita ce jerin haruffa da jerin zamani sun zama abu guda, duk kwamfutar da ta jera sunaye ta jera tarihi ke nan. Aka koyi sa sifiri a gaban lamba, 02 ya dawo gaban 10. Aka daina sa sarari, ana haɗa kalmomi da karan ɗori, ana raba gaɓoɓin suna da layin ƙasa, har mai awon gero a gonar gwaji ya iya rubuta 2021-08-14_gero_fili-03_tsawo.csv, wanda ya gani ya san rana da amfanin gona da fili da abin da aka auna tun kafin ya buɗe. Jenny Bryan, malamar ƙididdiga a Kanada, ta dunƙule wannan a 2015 cikin sharuɗɗa uku: na'ura ta iya karanta suna, mutum ya iya karanta shi, kuma ya jeru da kansa bisa jerin asali. Masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun fi kowa nisa, domin a 2016 sun fitar da tsarin da ake kira BIDS, wanda ya ƙayyade yadda za a rubuta lambar wanda aka yi wa gwaji da zama da irin aiki a cikin suna, ta yadda manhajar da aka rubuta a wata ƙasa za ta yi aiki a kan bayanan wata ƙasa ba tare da an taɓa komai ba. Aka kuma yi ijma'i a kan cewa bayanan asali, kamar yadda suka fito daga na'ura, ba a gyara su a mazauninsu. Kwafi ake ɗauka a yi aiki a kansa. A bakin folda kuma ana ajiye ɗan fayil, wanda al'ada ta sa wa suna README, mai bayyana ma'anar kowace gaɓa ta suna. Wannan kuwa rajistar nan ce ta zamanin haruffa 8 ta dawo, bayan an gane cewa rufe ta kuskure ne.

Na sha jin matasa suna cewa tsarin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ya ɗauke wannan wahala, tun da yana riƙe tarihin kowane gyara da wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Rabin maganarsu gaskiya ce: wanda yake aiki da Git ba shi da uzurin rubuta "na ƙarshe" a suna har abada. Amma Git tarihin fayil yake tsarewa, ba ya gaya wa baƙo abin da fayil ɗin ya ƙunsa. Haka nan lambar DOI, wadda taskoki irin Zenodo, da CERN ta buɗe a 2013, suke ba tarin bayanai, tana kai mai nema har ƙofar tarin, daga nan kuwa sunayen da marubuci ya raɗa su ne za su yi masa jagora ko su ɓatar da shi.

Akwai wata asara a cikin waɗannan ƙa'idoji wadda ta shafe mu masu rubutu da Hausa, kuma ba na son a wuce ta kamar babu ita. Shawarar da ake bayarwa ita ce a tsaya a kan haruffan Ingilishi 26 da lambobi, ma'ana ɓ da ɗ da ƙ ba su da mazauni a sunan fayil, haka ma alamar hamza, wadda layin umarni yake ɗauka a matsayin buɗe zance. Dalilin gaskiya ne: ko bayan zuwan tsarin haruffa na Unicode a 1991, haruffa masu ƙugiya sukan rikiɗe in aka dunƙule fayiloli a wata kwamfuta aka warware a wata, kuma in aka jera bisa lambar harafi sukan koma bayan z. Hukuncina shi ne a bi shawarar a cikin suna, domin suna na kowa ne, amma a cika wa harshe haƙƙinsa a cikin matani da cikin rajista, a rubuta kowace kalma da ƙugiyarta, musamman ga masu tattara hirarraki da tatsuniyoyi da sunayen tsirrai, inda ƙugiya guda take raba ma'ana da ma'ana.

Abin da ya rage, wanda shi ne ya fi damuna, shi ne har yanzu ba a cika koyar da wannan ba. Ɗalibi yakan yi zango guda yana koyon yadda ake jera manazarta a ƙarshen kundi, inda za a sa waƙafi da inda za a sa aya, amma yakan gama digiri na uku ba wanda ya taɓa buɗe foldarsa ya ga yadda bayanan da kundin ya tsaya a kansu suke zaune. Ran da ya tafi kuwa, ya tafi da mabuɗin a cikin kansa, wanda ya gaje shi ya fara daga farko, kuɗin da aka kashe da daminar da aka yi ana awo su tafi a banza. Kirana ga malaman da ke duba ɗalibai, a kowace jami'a kuma a kowane fanni, shi ne su zauna da ɗalibi a watansa na farko su tsara ƙa'idar suna tare, a rubuta ta a shafi guda. Sa'an nan kafin su sa hannu a kan kundi, su miƙa foldar ga wani ɗalibi wanda ba shi da hannu a aikin, su ce ya sake fitar da jadawali ɗaya daga cikin kundin ba tare da ya tambayi mai shi komai ba. In ya iya, a sa hannu. In ya kasa, a mayar wa ɗalibi foldarsa ya gyara tukuna.